Sunan Habu a Cikin Kiɗan Rawa

Har gobe ba zan manta da yammacin da Malam Idi na Kademi ya yi sallama a ƙofar situdiyonmu ba. Ku da kuka fara koyon aikin nan bana, ya kamata ku ji yadda aka yi.

A lokacin ni ne mai haɗa kiɗa a wani ɗan situdiyo da ke kusa da tasha a Gaya. Kayan na maigidana ne, Alhaji Sabo, ni kuma nake zama gaban kwamfuta. Tsarin aikin shi ne, a fara haɗa kiɗa da fiyano, mawaƙi ya shiga ɗakin ɗauka ya ɗora murya a kai, sannan in zauna in gyara muryar ta yi santsi.

Cikin mawaƙan da ke zuwa wurinmu akwai Nasiru, mutumin Toranke. Ba shi da ubangida, ba shi da kamfani, daga shi sai gurminsa. Haka muke ɗaukarsa ba ƙarin komai, masu cajin waya su tura wa mutane a memori. Manoma kan rataye waya a reshen bishiya suna noma suna jin sa. Wadda aka fi so ita ce waƙar da ya yi wa amininsa Habu, wanda ya tafi ci-rani kudu, ya rasu a hatsarin mota yana hanyar dawowa gida, aka binne shi a can. Na sha ganin manyan mutane sun yi tsit idan aka sa ta.

Sai dai ba a gayyatar Nasiru biki, don matasa rawa suke so. Wata rana bayan kaka ya ce mini, "Oga Bala, kowa na yabon gurmin nan, amma ko Wudil bai kai ni ba. Ina da iyali. A sa mini fiyano."

Muka yi sababbin waƙoƙi guda biyu, ba su yi wani tasiri ba. Sai Alhaji ya ba da shawarar a sabunta waƙar Habu, tunda an riga an san ta. Nasiru ya yi ɗari-ɗari, daga baya ya amince. Na ƙara mata sauri, na sa ganguna, na gyara muryar har ta yi ƙarar nan da yara ke so.

Waƙar ta tashi. Ta shiga Kano, 'yan mata suna ɗora bidiyonsu a kanta, aka fara kiran Nasiru biki har Dutse. A gida kuwa mutane suka rabu biyu. A teburin mai shayi na ji wani manomi yana cewa, "Wannan ba Nasiru ba ne, inji ne ke waƙa." Wani ɗan acaɓa ya ce, "Haba Baba, so kuke ya tsufa a gindin bishiya?"

Ana cikin haka Malam Idi, mahaifin Habu, ya zo bayan la'asar a kan kekensa. Ya cire takalmi a bakin ƙofa kamar zai shiga masallaci. Nasiru yana nan, ya zame daga kujera ya durƙusa ya gaishe shi.

Bayan gaisuwa dattijon ya ce, "Ba faɗa ya kawo ni ba, ɗana. Jiya an yi biki a maƙwabtanmu, aka kafa lasifika a waje. Uwar Habu ta ji sunan ɗanta, ta ɗauka tsohuwar waƙar ce, ta leƙo zaure. Sai ta ga yara suna tsalle, duk inda aka kira sunan sai su amsa da ihu. Ta koma ɗaki, har yanzu ba ta sa komai a bakinta ba. Da, in an kira sunansa, sai ka ji ana cewa Allah ya jiƙansa. Jiya ban ji wanda ya faɗa ba."

Malam Idi ya juyo wurina ya ce, "Kai ne mai injin? Ko akwai yadda za a cire sunan?"

Na ce, "Baba, a nan zan iya cire shi yanzu. Amma wadda ta riga ta shiga wayoyin mutane, ba mai iya dawo da ita."

Ya gyaɗa kai a hankali ya ce, "To. Ashe haka abin yake." Sai ya zaro wata ƙaramar waya daga aljihu, ya ce ta matarsa ce, tsohuwar waƙar ta goge, ko zan iya mayar mata. Na nemo ta na tura. Ya saurari farkonta, ya kashe, ya yi mana addu'a, ya hau kekensa.

Washegari muka fitar da wata wadda babu sunan a ciki, amma mutane mai sunan suka riƙe. Nasiru ya daina rera ta a wurin biki, ko da taro zai yi ta ihun a yi ta, har wasu suka daina gayyatarsa saboda haka. Bai bar fiyano ba, kuma ban ga laifinsa ba, da shi yake ciyar da gidansa. Wasu tsofaffin masoyansa sun dawo, wasu har yau ba sa jin sa.

Abin da na koya shi ne, sauya kiɗa ba laifi ba ne, amma waƙar da mutane suka yi kuka da ita ta daina zama ta mawaƙi shi kaɗai. Shi ya sa duk wanda ya kawo muku tsohuwar waƙa a sabunta, kafin ku taɓa kwamfuta ku tambaye shi sunan wa ke ciki, kuma ko iyayensa suna raye.