Dutsen da Yelwa Ya Ɗauko Daga Tuboro

Maigidana Yelwa mahauci ne a kasuwar Garwa, shekara talatin yana fawa ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, sai a kan dutse ɗaya.

A 1994 ya je Tuboro sayen shanu. Ya ce da hantsi, sama tas babu ko gajimare, suka ji ƙara kamar ta igwa, shanu suka watse. Da ƙura ta lafa ya tarar da rami, a ciki ga baƙin dutse kamar kan rago, nauyinsa ya fi ƙarfin girmansa. Ya naɗo shi a buhu har gida.

Mahauta ba su da dama wajen tsiya. Suka sa masa suna Mai Tauraro, kullum sai an tambaye shi yaushe zai ɗauko wata. Yakan yi dariya, amma ni na san abin yana cin sa.

Michel kaɗai ya saurare shi, wani malamin lise, wato sakandare, da ke sayen nama a wurinsa. Ya zo gida ya ɗora wa dutsen maganaɗisu, ya manne. Ya ce irin waɗannan duwatsu ɓaraguzai ne da ke yawo a sararin samaniya, wani lokaci ɗaya ya faɗo mana. Ya yi alkawarin kawo masani daga jami'ar Ngawundere idan an yi hutu. Yelwa ya shelanta wa duk kasuwa ranar da masanin zai zo.

Ni kuwa tsoro nake ji. Mun taso ana cewa gatarin aradu ba ya kwana a gida da damina, don aradu takan biyo kayanta. Da hadarin farko ya haɗo, Yelwa yana mayanka, na ɗauki dutsen a kwando na jefa shi a kogin Binuwai.

Masanin ya zo, mahauta suka cika mana zaure. Yelwa ya birkice ɗaki kaf, ya fito hannu wofi. Ina daga ciki ina jin dariyarsu, na kasa fitowa in ce ni ce.

Bai sake zancen dutsen ba sai a ciwon ajalinsa, ina ba shi kunu.

"Balkisu, da kin ce mini tsoro kike ji, ai da na kai shi rumfata a kasuwa."

Har yau mahauta suna cewa marigayi mutumin kirki ne, sai dai akwai ƙarin gishiri. Ni na jawo masa wannan.