Yashin da Inna ta ƙulla a bakin mayafi

Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in rubuta abin da ba daidai ba a kan mahaifiyata, alhali tana kwance inda ba za ta iya gyara mini ba. Amma yanzu gwiwoyina sun fara irin ciwon da nata suka yi, na ga idan ban yi tambayar nan ba, babu wanda zai yi ta bayana.

A wani tsibiri na kogin Kwara aka haifi Inna, sama da Lolo, wajen iyakar ƙasar da muke kira Dahome a lokacin. Iyayenta masunta ne masu jin Dendi. Tana ƙarama uwarta ta rasu, aka binne ta a tsibirin, ita kuma aka kawo ta Matsinkai wurin gwaggonta, daga baya aure ya kawo ta Bagudo. Ba ta taɓa komawa ba. Ko sunan wurin ba ta riƙe ba, "gungunmu" kawai take cewa, wato tsibirinmu. Abin da ta riƙe shi ne giginya biyu da suka tashi daga gindi ɗaya, da wani faffaɗan dutse da mata ke wanki a kai, da farin yashi shimfiɗe inda ake shanya kifi.

Shekarar da aka ba mu mulkin kai tari ya kama ta, ya ƙi sakinta. Wata safiya na shiga gaishe ta, ta ce, "Auta, kai ni in gaida uwata."

A lokacin akwai wani babban jirgin ruwa mai inji da rumfa, wanda ke ɗauko fatake daga Yauri ya haura har Lolo ranar kasuwa. Da hantsi yake isa, da la'asar ya busa ƙaho ya juya, ba ya jiran kowa. Na tsara mu shiga shi, don Inna ta samu inuwa ta kwanta. A Lolo mu ɗauki ƙaramin kwalekwale mu kaɗai, mu je mu dawo kafin ya busa. Idan ya bar mu, sai wata kasuwar, ga tsohuwa mai tari a garin da ba mu da kowa.

Babu wanda ban dama da tambaya ba a Bagudo. Na tanadi bargo, lema, buta, fura da jiƙon tari. Na ari agogon hannu wurin mai kantin da nake yi wa aiki. Na kuma shiga damuwa ko tsibirin ya faɗa ɓangaren Dahome, a tare mu a ce ina takarda. Inna ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Turawan nan duka can sunka iske ni," in ji ta. "Wa zai tambayi tsohuwa takardar gidan ubanta?"

Abu ɗaya ne na rasa yadda zan yi da shi. Babban jirgi ba ya tafiya sai kogi ya cika, lokacin baƙin ruwa, wato cikar da ke zuwa da sanyi bayan damina ta wuce. Yashi kuwa ba ya fitowa sai bazara, ruwa ya ja baya. Na ce mata mu jira. Ta dube ni ta ce, "Kai ka ga bazara a hannuna?" Ban sake tayar da maganar ba.

Mun isa Lolo lafiya, da sabuwar tuta kore da fari a goshin jirgi. Na samu wani dattijo Basarke, wato masunci, mai kwalekwale. Na maimaita masa zancen la'asar har ya gaji.

"Malam, na jiya," ya ce. "In ka ƙara faɗi, la'asar ɗin za ta iske mu nan."

Ya ce bai san giginya biyu masu gindi ɗaya ba, amma tsibirai suna da yawa, a duba. Muka shimfiɗa wa Inna tabarma a tsakiya. Da muka rabu da gaɓa ta saka hannu cikin ruwa, ta yi wa dattijon magana da Dendi, ya amsa, suka shiga hira suna dariya. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin rasuwar mahaifina.

Tsibiri na farko ciyawa ce kawai ta leƙo saman ruwa. Inna ta girgiza kai. Na gaba akwai bukkokin masunta, muka tambaya, wata mata ta nuna mana sama da hannu ba tare da tabbaci ba. Muka ci gaba. Rana ta hau tsaka, ta fara karkata. Idona yana kan agogo, ina lissafin nisan da muka yi da wanda za mu koma.

"Malam, agogon ga zai ƙone maka hannu," in ji dattijon. Ya juya ga Inna. "Akwai wasu gungu bayan kwanar can, Gwaggo. Da ɗan tafiya dai."

Inna ta ɗaga hannu ta nuna wani ɗan tsibiri kusa da mu, mai giginya a tsakiya.

"Ga shi nan."

"Inna, ba biyu kika ce ba?"

"Ɗayar ta faɗi mana. Ni haƙorana nawa sunka rage?"

"Dutsen fa?"

"Yana ƙarƙashin ruwa, Auta. Kai dai sauke ni."

Na goya ta na taka ruwa zuwa gaɓa. Ba ta fi ɗaurin kara nauyi ba. Yashin da ya rage a bakin tsibirin bai fi faɗin tabarma ba. A nan ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta yi alwala da ruwan kogi, ta yi azahar a zaune. Ta ɗaga hannu ta daɗe tana addu'a, tana haɗawa da Dendi, hawaye na bin kumatunta. Da ta shafa, ta ɗebi yashi ta ƙulla a bakin mayafinta, ta ce mu tafi.

Ruwa ya taimake mu a dawowa. Muka iske ana ta lodin albasa da busasshen kifi, jirgi ko alamar tashi bai yi ba. Muka zauna a rumfa muka yi ta jira. Ni kuwa zuciyata fari ƙal, ina ganin na sauke nauyi.

Ba ta ga bazarar ba. Ana saura kwanaki kaɗan ta rasu, ta sa na ɗauko mayafin, ta ce in kwance ƙullin in zubar a bayan ɗaki.

"Ba na gungunmu ba ne," ta ce. "Tun daga nesa na sani."

Na zauna gefenta da mayafin a hannuna, ta ci gaba.

"Na ga leɓɓanka sun bushe, kana ta duban hannunka. Na ce addu'a tana iske uwata daga ko'ina. Kai kuwa da jirgin nan ya bar mu, da har ka tsufa kana tuhumar kanka. Kak ka yi kuka, ɗan nan. Na taɓa ruwanmu ai."

Ban zubar da yashin ba. Yana nan cikin wani ƙaramin gwangwani a ɗakina. Bayan rasuwarta na koma da bazara fiye da sau ɗaya, har bayan kwanar da dattijon ya nuna. Yashi ya fito ko'ina fari fat, kowane tsibiri kamar ɗan'uwansa, ban ga giginyar ba. Wasu sun ce mini ruwa yana cinye tsibiri ya haifi wani, wataƙila ma babu shi. Ban sani ba.

Don haka nake roƙon duk wanda ya karanta wannan, musamman mutanen bakin Kwara daga Lolo zuwa iyaka, da 'yan'uwanmu na ƙetare. Idan akwai wanda ya san tsibiri mai giginya biyu a gindi ɗaya da dutsen wanki, ko ya ji kakanninsa suna zancensa, ko da kututturen ne ya rage, don Allah ya aiko da saƙo Bagudo ta hannun masu jirgi. A ce a ba tsohon da ke tambayar gungu, duk bakin ruwa an san ni da wannan. Ina so in kai gaisuwar nan inda aka nufa da ita tun ƙafafuna suna iya shiga kwalekwale.