Sunayen da Na Yanke daga Labaran Baba Ilu

Ina neman afuwar duk wanda wannan rubutu zai tsare shi daga harkokinsa. Ba al'adata ba ce in tsawaita a shafin nan, amma yau ya zama dole.

Da safiyar nan, ina shirin fita aiki, labari ya iso ni: Baba Ilu mai ɗinkin riga na Soron Ɗinki ya rasu. Ɗansa Habu ne ya kira ni.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

An kai shi makwancinsa kafin azahar. A sahun baya na tsaya, ban iya kama makara ba. Waɗanda suka gan ni sun ɗauka zafin rashi ne. Akwai shi, amma kunya ta fi shi yawa, kuma dalilinta nake so in rubuta tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba.

Ga wanda bai san shi ba, Baba Ilu ya tsufa a zaure ɗaya, allura a hannu, yana fitar da aiki a ƙirjin manyan riguna. Bai yi boko ba, amma kansa rumbu ne na labaran da. A bakinsa na fara jin cewa ana rufe ƙofofin gari da magariba, wanda ya makara ya kwana a waje shi da jakinsa. A bakinsa na ji yadda wasu tsofaffi suka ƙi yin alwala da ruwan famfo farkon zuwansa, wai ba su san ta inda ya biyo ba, da yadda mutane suka riƙa leƙa cikin garmaho don su ga ɗan mutumin da ke waƙa.

Ni kuwa a firamare karatuna ya tsaya. Abin da na sani bayan nan daga 'yan ƙananan littattafan nan na tsince shi, waɗanda ake shimfiɗawa a ƙasa a bakin kasuwa. Da su na koyi rubuta wasiƙa, da su na koyi buga tafireta. Sai na tashi da imanin cewa abin da aka buga a takarda ya fi abin da ya fito daga baki gaskiya.

Akawu yake ce mini.

Kullum yakan bar mini wuri a bakin ƙofar zaure, inda haske ya fi, don in ji daɗin rubuta abin da yake faɗa. Da hannunsa ya ɗinka rigar angoncina. Lokacin da ciwon shawara ya kwantar da ni, kwana tara yana zuwa duba ni, yana tsokanata cewa idona ya zama ruwan ɗorawa.

Yana da wata ɗabi'a da a lokacin nake ganin ɓata lokaci ce. Ba ya ba da labari sai ya faɗi bakin da ya ji shi. Zai soke allura a jikin riga, ya ce, "Wannan daga Inna Kulu mai koko na ji, ita kuma daga mahaifinta, wanda gidansu ke jikin Ƙofar Na'isa. Allah Ya jiƙansu."

Ba zai ci gaba ba sai kowa a zauren ya ce amin.

In wani ya yi shiru, yakan dube shi ta saman tabarau ya ce, "Kai mai jar hular nan, amin ce ta yi maka nauyi? To, ni ma labarin ya yi mini nauyi."

A shekarar da sojoji suka koma bariki aka miƙa mulki ga farar hula, sabon kansilan mazaɓarmu ya so a buga ɗan littafi na abubuwan mamaki na tarihin gari, a raba wa jama'a a walimar kama aikinsa. An san ina rubuta labaran Baba Ilu, sai aka ba ni aikin. Na nemi izininsa, ya ce, "Bismillah, Akawu. Ka dai sa kowa a inda yake."

Ban sa ba.

Shekaru na yi ina gaya wa kaina cewa maɗaba'a ce ta ƙayyade mini shafuka. Ba haka ba ne. Gaskiyar ita ce, a duk littattafan da suka rene ni ban taɓa ganin inda aka rubuta "in ji mai koko" ba. Na ji tsoron 'yan boko su yi mini dariya. Saboda haka na bi labaran ɗaya bayan ɗaya da jan biro, na soke kowane suna, na maye gurbinsa da "masana tarihi sun tabbatar da cewa". A bango hoton kansila ne a sama, sunana a ƙasa. Sunan Baba Ilu bai fito ko a shafi ɗaya ba.

Na kai masa kwafi. Ya shafa bangon, ya sa mini albarka. Na san ba zai iya karantawa ba, kuma da wannan sanin na dogara.

Bayan 'yan watanni, wani ma'aikacin ƙaramar hukuma ya zo karɓar rigarsa, ya tarar Baba yana cikin labarin ruwan famfo. Da ya zo kan sunan wadda ta ba shi labarin, sai mutumin ya ƙyalƙyale da dariya.

"Haba Baba, wace Inna Kulu kuma? Ai wannan a littafin kansila yake. Wani ne ya karanta maka, ka zo kana liƙa wa tsofaffin unguwa."

Wasu a zauren suka yi dariya. Baba ya juyo ya dube ni.

"Akawu, haka ne?"

Magana ɗaya ta isa ta wanke shi. Amma sai na ce, "Akwai shi a littafin, Baba."

Baba ya ce, "To, madalla. Ashe masana ne." Ya zare allurarsa ya ci gaba da ɗinki. Ranar bai ƙarasa addu'ar ba, ba wanda ya ce amin.

Daga nan ya daina ba da labari in akwai baƙo a zaure. A hankali ya daina gaba ɗaya. Ni kuma na rage zuwa, har na koma in buƙata ta kai ni unguwar sai in zagaya ta wani lungu. Littattafan rubutuna na asali, masu ɗauke da sunayen, na jibge su a wani ɗaki mai yoyo, don a ganina aikinsu ya ƙare. Gara ta gama da su.

Haɗuwarmu ta ƙarshe wata guda ke nan. Habu ya tare ni a masallaci ya ce tsohon yana cigiyata. Na same shi a kwance, idanun sun tafi, amma da na yi sallama ya gane muryata.

"Akawu, har yanzu da biro uku a aljihu?"

Na durƙusa na ce, "Baba, na zalunce ka."

Ya ce, "Ni? Ni ai ina da 'ya'ya da jikoki, za su yi mini addu'a. Amma Inna Kulu ba ta bar kowa ba. Malam Ɗanjuma makaho bai bar kowa ba. Amin ɗin zauren nan ita kaɗai ce take isa gare su. Ita ka yanke."

Babu faɗa a muryarsa. Da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Da zan tashi ya riƙe hannuna ya ce, "Ka zo da takarda ranar Juma'a in sake lissafa maka su, tun kaina yana riƙe da su."

Na ce in sha Allahu.

Ban je ba. Na ce aiki irin wannan bai kamata a yi shi a kan kowace irin takarda ba. Juma'ar farko ina neman littafi mai ƙwaƙƙwaran bango. Ta biyu ina ja masa layi, gefe na labari, gefe na suna. Ta uku ina kwafe labaran da kyakkyawan rubutu don kada in ɓata masa lokaci. Jiya na gama. Jibi Juma'a na shirya zuwa.

Labari arba'in da ɗaya ne a ɗan littafin nan. Tun da na dawo daga maƙabarta nake zaune ina matsa ƙwaƙwalwata, masu labari shida kaɗai na iya tunowa.

Ina shaida wa duniya a yau cewa babu wasu masana. Baba Ilu ne, da mutanen da ya ji daga bakinsu. Wancan ma'aikaci da ya yi dariya ba shi da laifi, abin da na rubuta ya karanta.

Allah Ya jiƙan Baba Ilu, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya jiƙan waɗanda ya riƙe sunayensu tsawon rayuwarsa, waɗanda na sani da waɗanda na ɓatar. Allah Ya ba iyalansa haƙuri. Ni kuma Allah Ya yafe mini. Don Allah ku taya ni yi musu addu'a.

Sannan ina roƙonku abu uku:

1. Duk wanda ya taɓa zama a zauren Baba Ilu, kuma ya tuna wani suna da labarin da ke tafe da shi, ya rubuta mini a ƙarƙashin wannan rubutu. Ko rabin suna ne, ko laƙabi, ko sana'ar mutumin kawai.

2. Duk mai dattijo ko dattijuwa a gida daga Soron Ɗinki da kewaye, ya taimaka ya tambaye su yau. Kada ya ce sai Juma'a.

3. Duk wanda yake da kwafin littafin nan, ya ɗauki biro ya soke sunana a bango, ya rubuta na Baba Ilu.

Shida nake da su. Saura talatin da biyar. Ina jiran amsarku a rubuce.