Ranar da Baffa Ya Sa Shanunsa Jego

Ko tsufa ya cinye min tunani, ba na jin zan manta safiyar da aka aike ni rugar Baffa da takarda. Lokacin ban fi wata biyu da fara aikin malamin dabbobi a Miga ba. Shanu uku da Baffa ya sayo a kasuwa sun fara tari, likitanmu ya rubuta a ware garken duka. Kalmar da ya sa ita ce quarantine.

Baffa yayan mahaifina ne, kuma tun zamanin korona ya tsani kalmar nan. A wurinsa ma'anarta ɗaya ce: hukuma ta ɗauke ka, ba a san ranar dawowarka ba. Ina karantawa ya miƙe ya fara kwance turke.

"Kwashe min shanu za su yi. Kafin azahar na tsallake Kafin Hausa."

In ya kora su mashaya, ciwon huhu zai bi kowane garke a hanya, kuma ni na kawo takardar. Na ce killacewa ce kawai, ya ce ai wanda aka killace ba shi da ta cewa.

Can na tuna wani malaminmu a Dutse mai son tone-tonen asalin kalmomi, wanda muke yi wa dariya a bayan aji. Na ce, "Baffa, kalmar daga Italiya ta fito, asalinta arba'in take nufi. Lokacin annoba, jirgin ruwa in ya iso sai ya tsaya kwana arba'in kafin mutanensa su shiga gari. Ba wanda ke ƙwace jirgin."

Ya tsaya da igiya a hannu.

"Arba'in? To ai jego ke nan, ɗan nan. Mai jego a ɗakinta take zama, ba a kai ta gidan hukuma."

Ya mayar da turken. Likita bai ce sai arba'in ba, amma Baffa ya rantse sai sun cika. Saniya biyu muka rasa, garken maƙwabta ko ɗaya bai kamu ba.

Daga ranar na daina jefa wa mutane baƙuwar kalma tsirara. Mutum ba ya gudun abin da ya gane, kuma malamin da na yi wa dariya shi ya fitar da ni kunya.