Tankata ta koma tare ƙofa

Na shiga shagon askin Bukar a Dogo Nini, sai ga jirgin yaƙi na roba a kan kanta, daidai inda tankar yaƙina take zama.

Wai na Modu ne. A kwali aka aiko masa daga Abuja, shi mannawa kawai ya yi. Ni tawa da gwangwanin madara na ƙera ta, ina bin hotuna, yatsuna duk yanka.

"Bukar, ina tankata?"

"Ga ta can ta tare mana ƙofa, iska na damunmu. Ai ta fi nauyi, mutumina."

Na ɗauke abata, askin ma na fasa. Abin haushin, wallahi jirgin ya yi kyau.

Ku faɗa min, mai mannawa da mai ƙerawa ɗaya ne?