Shekarar da Ugajin Ya Bar Satsuki Ta Yi Fure

A nan Kanuma, garinmu a ƙasar Japan, in ka ga tsoho da sassafe a gindin katanga, riƙe da butar ban-ruwa, ya murtuke fuska kamar an yi masa rasuwa, to lafiyarsa ƙalau, satsukinsa yake dubawa, wato 'yar bishiyar nan mai fure da ake rainonta a kasko. Tatsuo Ugajin yana cikin irin waɗannan tsofaffin, sai dai nasa ya fi na kowa tsanani.

Shekara talatin da takwas ya yi a ramin da ake haƙar ƙasarmu mai ruwan ɗorawa, wadda satsuki ta fi so a kan kowace ƙasa. Shi ne a kan rariya, manyan tsakuwa gefe, ƙanana gefe, garin a zubar. Buhunan suna tafiya har ƙasashen da bai san sunansu ba, shi kuwa bai taɓa wuce Tokiyo ba. Ya bar aiki da tari da kunne ɗaya mai ji. Yana da matarsa Fusako, da 'ya ɗaya da ke aure a Sendai, sai bishiya guda a kasko.

Guda ɗaya tak, a garin da wani ke jera ɗari. A shekarar aurensa ya tsince ta cikin rassan da shugaban aikinsu ya datse ya yar, tsawonta bai kai tsinken cin abinci ba. Shekara arba'in da shida yana tanƙwara ta da waya yana rage mata rassa, har gindinta ya kai kaurin damtse, alhali tsayinta bai wuce cinyarsa ba. Kan bishiyar kaɗai, wannan da ya zagaye kamar laima, shekara goma sha biyar ya ci.

Satsuki bauɗaɗɗiya ce. Sauran itatuwa sama suke kai ƙarfinsu, ita ƙasa take kai nata, in ta gaji daga ka take fara mutuwa. Ba kuma abin da ke gajiyar da ita kamar fure. Shi ya sa Ugajin bai taɓa barin furenta ya kai ƙarshe ba. Da ya fara buɗewa sai ya ɗora kaskon a ƙaramar motarsa ya kai wurin baje kolin gari, ranar da ya dawo da ita kuma ya bi furen da almakashi ɗaya bayan ɗaya. Shekarar sauya ƙasa kuwa, tun furen yana ƙulle yake tsinke shi tas. Furen da Fusako ta fi sani shi ne wanda take sharewa a tsakar gida.

Duk shekara uku ake sauya wa irin wannan bishiya ƙasa a rage mata saiwa. Tasa ta shiga ta biyar, saboda shekara biyu ya yi yana kai Fusako asibiti a Utsunomiya, hawan jinin ido yana cin ganinta daga gefe. Wata safiya a watan Maris ya zuba ruwa, ruwan ya tsaya a saman kaskon ya ƙi shiga. Maƙwabcinsa Akutsu, shi ma mai rainon satsuki, wanda ba a rasa kansa a saman katanga, ya leƙo.

"Ugajin-san, ruwa kake ba ta ko tafki kake gina wa kwaɗi?"

"Je ka duba naka tsintsiyoyin."

"Tsintsiyoyina suna shan ruwa dai. Saiwa ta cika kaskon nan, ta shaƙe kanta. Makon nan ka tsinke furen ka fitar da ita ka sauya mata ƙasa. In ka bari ta yi fure a haka, kan nan da kake taƙama da shi ya tafi."

"Ni za ka koya wa?"

Ya sani sarai. Ya riga ya tankaɗe sabuwar ƙasa, ya wasa almakashi.

Da rana suna cin taliyar soba, Fusako ta ajiye tsinkenta. "Baba," ta ce, haka take kiransa tun haihuwar 'yarsu, "bana ka bar ta ta yi fure. A gida. Har ya zube da kansa."

"Sai baɗi."

Amsar da ya saba ba ta ke nan, ta fito tun kafin ya yi tunani.

"Baɗi war haka likita ya ce sai dai in ji muryarka," ta ce, "ita kuwa ba wani daɗi ne da ita ba."

Ta yi dariya, shi bai yi ba. Mutumin nan bai iya magana mai taushi ba, bai taɓa iyawa ba. Abin da ya iya shi ne ya tashi ya mai da buhun ƙasar cikin rumfa, ya rataye almakashin a ƙusa.

Ƙarshen Mayu bishiyar ta buɗe. Ko a wurin baje koli ba a taɓa ganinta haka ba: fari mai ratsin ja, ja zalla, wani rabi da rabi, har ganye ya ɓace. Ugajin ya ɗauko ta ya ajiye a bakin baranda, daidai inda Fusako ke zama da shayinta.

"Kai! Ashe haka take?" ta ce. "Mugun mutum, shekara arba'in kana ɓoye mini wannan."

"Kin ga na can saman?"

"Na gani mana. Matsa, ka tare mini."

Mako uku tana zama a wurin kullum. Shi kuma yana tsaye ta baya, yana ɗaga furen saman da yatsa yana duba ganyen da ke ƙarƙashi, kullum sai ya ga ya ƙara koɗewa. Akutsu ya daina tsokana, in ya leƙo sai ya gaisa ya janye kansa. Wannan ya fi yi wa Ugajin ciwo a kan tsokanar.

Sai da fure na ƙarshe ya faɗi, ruwan Yuni yana zuba, sannan ya zagaya gefen kaskon da wuƙa ya ɗago ta. Ƙasar ta zama dunƙule mai tauri kamar bulo. Ya yi ta tsefe saiwar da tsinke, yana wankewa da ruwan famfo, tun hantsi har rana ta karkata. Da ya isa ƙarƙashin gindin sai wari ya buge shi. Tsakiyar duk ta yi baƙi, tana narkewa a hannu. Ya yanke ruɓaɓɓen har ya tarar da fari, abin da ya rage bai kai rabi ba. Ya zaunar da ita a sabuwar ƙasa, ya ɗaure da waya, ya kai ta inuwa.

A watan Yuli rassan ƙasa suka yi toho. Saman bai yi ba. Ya ce da kansa ai saman kullum shi ke makara. Zafin Agusta ya zo, ganyen laimar ya bushe ya kakkaɓe. Ya kankare ɓawon da farce, babu kore. Bayan mako ya sake kankarewa ƙasa kaɗan, nan ma babu. Mutuwar tana gangarowa, in bai tare ta ba za ta ci har gindi. Bai gaya wa Fusako komai ba. A lokacin ta daina fita ita kaɗai, bango take bi zuwa baranda.

Wata safiya a Satumba ya ɗauko ƙaramin zarto, ya juya wa Fusako baya kamar tana iya ganinsa, ya fara.

"Baba, me kake yankewa?"

"Ɗan reshe ne."

"Ɗan reshe da zarto? Shekara nawa ina jin almakashinka?" Ta saurara. Zarton ya ci gaba, ya daɗe, sannan abu ya faɗi a ƙasa. "Kan ne, ko?"

"Shi ne."

"Saboda furen?"

"Tsufa ne," ya ce.

Ya buɗe gwangwanin maganin da ake shafawa a bakin yanka, ya lakato da yatsa. Ba laifi, yana gaya wa kansa, an dai biya wa Fusako bukata. Da wannan ya riƙe kansa tun Yuni.

Fusako ta ajiye kofin a hankali, tana laluben wurinsa da ɗaya hannun.

"Ban ga furen ba, Baba."

Ya juyo da kunnensa mai ji.

"Tun Afrilu ganina ya tafi, bai jira baɗi ba. Hazo kawai nake gani. Ka riga ka bar mata furen, lokacin sauya ƙasa ya wuce, na ji kunyar faɗa maka." Ta juyo da fuskarta wajensa. "Ka faɗa mini yadda yake. Na saman nan da ka tambaye ni."

Ugajin ya tsaya da magani a yatsa, yana duban busasshen kan da ke kwance kusa da takalminsa.

"Fari ne," ya ce. "Da ɗan ja."