Ranar da Aka Yi Mini Ƙaho

Tun da aka sallamo ni daga asibiti ƙirjina ke ƙara kamar agogon hannu. Likita ya ce wata ƙofa ce a cikin zuciyata ta lalace, ciwon ya daɗe yana cina tun ina yarinya, haihuwa ce ta tono shi. Suka tsaga ni suka sa mini ta ƙarfe. In ɗaki ya yi shiru, wanda ke kusa da ni yana jin ta, ƙyas, ƙyas, ƙyas. 'Yata tana wata bakwai a lokacin, in na rungume ta sai ta dinga lalubar rigata tana neman abin da ke motsi.

Ranar sallama wata nas mai tabarau ta zaunar da ni. Ta ce ƙarfe baƙo ne a jiki, jini kuma taruwa yake a kansa ya daskare kamar man shanu lokacin sanyi, in gudan ya ɓalle ya hau kai, shi ke nan. Ta ɗora mini wata 'yar ƙwaya a tafin hannu, ba ta kai ƙwayar wake ba, ta ce ita ke tsinka jinin. Kullum zan sha, har ƙarshen raina. Kada in bari aska ta taɓa ni, kada in tsallake ranar gwajin jini. Ni a aji uku na bar firamare, katin da ta ba ni ba na iya karanta shi, amma maganarta na haddace ta tsaf. Na haɗa shan ƙwayar da sallar Magariba, ina sallamewa zan sha kafin in naɗe dadduma.

Gidanmu yana wani ƙauye gaba da Kafin Maiyaki. Da rani maigidan yana Tiga wajen noman tumatir, sai ya yi makonni bai leƙo ba. Daga ni sai uwarsa, wadda nake kira Inna. Ba zan ci amanarta ba, ita ta yi jinyata, a ƙasa ta dinga kwana gefen gadona. Amma shi kaɗai ne ɗanta namiji, sunansa kuma ya fi mata komai.

Ƙwayar tana da hali guda. Abu kaɗan ya buge ni sai wurin ya yi baƙi. Bakin turmi, igiyar guga, har shurin yarinyar. Wata rana a gidan suna mayafina ya zame, mata suka ga dantsena. Wata ta kama baki ta ce ashe mijin nan nawa mai shiru-shiru hannu gare shi, aka yi dariya. Na ce magani ne. Suka ce ai kowa haka take cewa. Kafin ranar kasuwa maganar ta zagaya ta dawo kunnen Inna.

Ta kira ni tsakar gida ta juya hannuna a rana. Ta ce ɗanta ko kaza bai taɓa jifa ba, ba za a ɓata shi a kan fatata ba. Wannan mataccen jini ne da likitoci suka ɗinke a ciki, shi ke neman hanyar fita, maganinsa ƙaho. Har ta aika wa wanzamin gidan, wanda ya yi wa 'yata askin suna.

Na durƙusa na ce, "Inna, ki yi haƙuri, an ce kada aska ta taɓa ni."

Ta ce, "Su da suka fafe ki kamar ƙwarya, da ludayi suka yi aikin?"

Wanzamin ya zo da hantsi. Tsoho ne mai sanyin hannu. Da ya sunkuya a bayana sai ya tsaya, ya tambayi Inna ko agogo na ɗaura. Ta ce ya yi abin da ya kawo shi. Ya kafa ƙaho huɗu, biyu a kafaɗa, biyu a ƙwauri, ya tsattsaga, ya zuƙe.

Na sha ganin ana yi wa mutane ƙaho. In an cire, jinin yakan fito a dunƙule kamar hanta, wanzami ya juye a kasko ya nuna maka cutarka. Nawa da ya ɗaga ƙahon farko, zubowa ya yi kamar zoɓo. Ya danna auduga, ta jiƙe. Ya sa wata. Na ji ɗumi yana bin gadon bayana har cikin zane. Aka yi Azahar muna nan, ƙudaje sun taru, yarinyar tana kuka a kan tabarma ba wanda ya waiwaye ta. Tsohon ya ce shekarunsa a wannan sana'a bai taɓa ganin haka ba, a nemo mota. Inna ta ce in aka fita da ni a haka, gari zai ce wuƙa ɗanta ya sa mini. Suka yayyaga tsohon zane suka ɗaɗɗaure ni tamau. Sai bayan La'asar jinin ya tsaya.

Ina kwance ina ganin ɗakin yana juyawa ta shigo. Ta buɗe kwallar da nake ajiyar magani, ta kwashe duka har katin. Ta ce yau ta gane mai laifi, wannan abin ne ya mai da jinina ruwa, kuma shi jikarta ke tsotsa a nono. Na ce nas ta ce ba ya cutar da yaro. Ta ce an yi aiki an gama, mai lafiya ba ya shan magani. Ina ji ta ɗaga murfin masai.

Na kira maigidan a waya. Ya saurara har na gama, ya ce in bi Inna a hankali, tumatir ya nuna, in ya kwashe zai zo ya kai ni. Na ce ya ba ni izini in je ni kaɗai. Ya ce da wane jikin.

Kullum na sallame Magariba sai hannuna ya tafi kan kwallar da kansa. Na koma sauraren ƙirjina. Ina tankaɗe ina saurare, ina wanki sai in tsayar da hannu in kasa kunne. Kasuwa ta ci sau biyu. Tabon nan duk suka washe, fatata ta yi sumul, Inna tana jan hannuna tana nuna wa duk macen da ta shigo aron rariya. A mako na uku na ji ƙarar ta dushe, kamar an naɗe agogon a cikin tsumma. Na gaya mata. Ta ce to madalla, mun huta da ƙyas-ƙyas.

Wata safiya na gama yi wa yarinyar wanka, na sunkuya na ɗora ta a baya. Hannun dama ya kama gefen zane. Na hagu na aike shi bai je ba. Na ji tana sulalewa, na buɗe baki in kira Inna, abin da ya fito ba magana ba ne. Ita ta cafe ta kafin ta kai ƙasa.

A motar maƙwabci aka kai ni. Na ga nas mai tabarau a kaina tana tambayar yaushe rabona da ƙwaya. Harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Inna ce ta amsa.

Ta ce, "'Yar nan, yaran yanzu sai haƙuri. Sakaci gare ta, kullum sai na yi ta fama da ita."

Maigidan ya iso a lokacin, da jan ƙasar lambu a ƙafarsa. Ya san gaskiya, ni na gaya masa da bakina. Ya tsaya yana kallon takalminsa. Nas ta yi mini faɗa sosai, ta ce ban ji tausayin 'yata ba.

Bakina ya dawo daidai, ƙafar ma tana tafiya, da ɗan ja. Hannun ne ya ƙi. Goyo kuwa hannu biyu yake so. Ina asibiti aka yaye yarinyar, na dawo na tarar an mai da kayanta ɗakin Inna. 'Yar fari ce, a wajenmu uwa ba ta buɗe baki ta ce a ba ta 'yar fari, abin kunya ne. Sai dai in bi ta da ido.

Yanzu ƙwayar tana ƙulle a haɓar zanena, ko wanka zan shiga da ita nake shiga. Da haƙori nake ɓare ta. Jiya ina kan dadduma ina ɓarewa Inna ta wuce da 'yata a baya. Yarinyar ta miƙo hannu wajen ƙirjina.

Inna ta gyara majanyi ta ce, "Mu je, ƙawata, kada ta sake yar da ke."

Tabon sun dawo. Inna ta sa an ɗinka mini riguna biyu masu dogon hannu, ita ta zaɓi atamfar.